Wasiƙar Baba Kura

Manajan bankin ya turo takardar gaban Malama Zulaikha, ya ɗora biro a kai. Ofishin sanyi ƙalau, amma gumi ke tsattsafo mata a ƙarƙashin hijabi.

"Hajiya, abin ba wuya. Ki sa hannu nan, mu yafe abin da ake bin ki, gida ya zama naki yau."

"Ba a bi na ko sisi. Shekara goma sha ɗaya kuna cira a albashina."

Malamar firamare ce a Kazaure. Ita da ma'aikata goma sha huɗu daga Roni da Gwiwa da Babura suka karɓi rancen gida a bankin. Da suka gama biya suka je karɓar takardun gidajensu, sai aka ce kuɗin shekara biyu bai shiga ba, an kuma ɗora tara. Wanda bai biya cikin wata uku ba, a yi gwanjon gidansa. A cikinsu duka ita kaɗai ta adana takardun albashinta, wata bayan wata, a ƙasan akwati.

Ta karanta a hankali, da yatsa, yadda take koya wa 'yan aji uku. Layin ƙarshe ya ce za ta miƙa wa banki takardun albashin nan, kuma ba za ta ba da shaida a ko'ina ba.

"Sauran fa?"

"Kowa da nasa lissafin."

"Baba Kura, masinjan nan na Roni, an riga an sayar da nasa."

Manajan ya dubi agogo. "Hajiya, ki ji da kanki."

Da safen nan mijinta Daudu ya ce ta karɓi duk abin da aka ba ta, don ba su da inda za su kai yara huɗu. Ta ɗauki biron. Ta kai shi har bakinsa ya taɓa takardar. Sai ta ajiye shi, ta miƙe.

"A gwanjo mai zuwa akwai sauran wuri," in ji manajan a bayanta.

* * *

Kwana uku Daudu bai yi mata magana ba. A na huɗu wasu mutum biyu suka zo a mota, suka zaga gidan, ɗayan yana ƙwanƙwasa bango yana tambayar ko bulon siminti ne. Maƙwabta suka tsaya a ƙofofinsu suna kallo.

Bahijja, tsohuwar ɗalibarta da ta zama lauya, ita ta samo umarnin kotu aka dakatar da gwanjon. Daga nan sai ɗage zama. Yau lauyan banki ba shi da lafiya, gobe fayil ya ɓata. Kowane zama Baba Kura na zuwa daga Roni a kan acaɓa, ya zauna a bencin baya, ya ce mata, "'Yata, Allah ya riƙa miki." Damina biyu ana haka, har ya daina zuwa.

Ranar da alƙali ya sa aka jera takardunta kusa da na banki, lauyansu ya yi ta juya shafi. Daga ƙarshe ya ce, murya ƙasa-ƙasa, kuɗin sun shiga, an dai ajiye su ne a wani asusu dabam. Kotu ta ce a ba kowa takardun gidansa, a biya diyya, a kuma rubuta wa kowannensu ban haƙuri. Aka yi wa manajan canjin wurin aiki.

* * *

Zulaikha da kanta ta kai wasiƙar Baba Kura Roni. Ta tarar da matarsa Inno a ɗakin haya bayan kasuwa, tana takaba. Kwana tara ke nan da rasuwarsa. Gidansu kuwa wanda ya saya ya rushe shi, ya gina shaguna.

"Me suka ce?" Inno ta tambaya.

Zulaikha ta karanta mata. Banki na ba Malam Baba Kura haƙuri, yana kuma fatan ci gaba da hulɗa da shi.

Inno ta karɓi wasiƙar, ta daɗe tana kallon tambarin da ke samanta. Sannan ta ninke ta gida huɗu, ta tura ƙarƙashin tabarma, ta ja carbinta.