Matar da ke soya torta ta juyo

...kuma ba akun ba ne, Nélida, ko kusa. Telmo ne ke son akun. Ga shi nan yana buga benci a rumfar mai jarida, ruwa na zuba, wai ranar da aka cire aku daga zanen barkwancin nan, "Lungun Don Cosme", ya daina sayen jarida. Tun gashinsa na baƙi yake faɗin haka.

Shi kuwa Aparicio wanzamin cikin zanen yake so. "Farfesa, kai da ka cinye littattafai, gaya wa jakin nan wanzami ne ke riƙe da labarin!" Na ce... me ma na ce? Na taɓa koyar da wani abu a kan wannan — mutanen gefe, waɗanda marubutan dā ke tsayarwa a bakin ƙofa... sunan ya tafi. Ajin ma ya tafi. Dogayen tagoginsa kaɗai suka rage.

Ni kuwa a zanen, tawa gwanar matar nan ce. Kin san ta. Ba suna, ba ta taɓa cewa uffan ba. Sai ranar da aka zana ruwan sama take fitowa, can ƙuryar hoto, tana soya torta, wainar fulawar nan, kamar kowane gida a Montevideo in hadari ya sauko. Bayanta kawai. Ɗaurin gashi, kafaɗa ɗaya ta ɗan sauka. Yaya aka yi ɗan Adam ya ɗauki alƙalami, ya ja 'yan layuka, sai ga wuya, sai ga gajiya, sai ga mace sukutum? Har yau abin na ɗaure mini kai.

Ke ce. Na sha gaya miki, kina dariya, wai ƙugunki bai kai haka ba. Mai na ƙara a kasko, kina huda tsakiyar kowane curin kwaɓi da yatsa, ni ina bayanki da littafi... ƙamshin nan — a'a, daga tsallaken titi yake zuwa.

Fuskarki ce ta ɓace mini, Nélida. Ban gaya wa kowa ba. Hotuna na nan a bango, wata mata mai kirki tana murmushi. 'Yarmu ta ce ke ce. Na yarda. Amma tun da muka binne ki take dusashewa, yanzu ko motsi ba ta yi a cikina. Bayan matar nan ta jarida ne kaɗai ya rage mini.

Su kuma masu karatu sun hana mai zanen sakat. A juyo mana da ita! Wasu sun ce tsohuwa ce, wasu sun ce budurwar Don Cosme ce ta dā. Har ya gaji ya ce to, ruwa na gaba za ta juyo. Yau ke nan. Ana ruwa a titi, ana ruwa a jarida.

Jaridar na ninke ƙarƙashin tafina. Telmo ya riga ya gani. "Ba wani abu, Farfesa. Hanci kamar dankali. Gara akuna!" Aparicio na zungurata, ashe ƙoƙon mate, shayin ganyen da muke sha karɓa-karɓa, na hannuna tun ɗazu. "Sha ka miƙo mana, tsoho, ba lacca aka ce ka yi masa ba."

In ba ke ba ce, bayan ma ya zama na wata. In ke ce... da me zan gane?

Na buɗe.

Ɗigo biyu na idanu. Ɗan layi na baki. Garin fulawa a kumatu. Kuma ba Don Cosme take kallo ba — waje take kallo. Nan. Ashe duk shekarun nan ta san akwai mai zama a bayanta. Ikon Allah... gira ɗaya a ɗage, irin na mai cewa za ka ci ko sai ta huce?

Hancin ban sani ba. Bakin ban sani ba. Amma girar nan, Nélida, girar nan ta taɓa wani abu, yana tasowa, ya kusa, ya kusa...

Rumfar na yoyo. Ɗigo ya faɗo a kumatunta, takardar na jiƙewa, rubutun ɗaya shafin na ɓullowa ta cikin fuskar. Telmo na magana. Mate ya huce.

Tsaya. Kada ki koma kan kasko tukuna...