Ɓawon Gefe Ɗaya

Inna Dudu, uwata, ba ta taɓa ɓare icce zagaye ba. Gefe ɗaya take yanka, faɗin tafin hannu, ta shafe wurin da laka, kuma ba ta komawa kansa sai ruwan Kainji ya cika ya janye sau biyu. Itatuwan bakwai ne kacal a gaɓar Warra. Ɓawonsu take jiƙawa ya saki yauƙi kamar kuɓewa, ta ba matan da ƙulli ya fito wa a nono. Ba ta taɓa cewa tana warkar da ciwon daji ba. Zafin dai yake lafawa, mace ta samu ta ci tuwo.

Shekara biyu bayan an ba mu jihar Kebbi, sai ga Magaji, ɗan wanta, daga jami'a da kwalabe. Wai a yauƙin nan akwai wani sinadari dangin sitaci da suke son gwadawa a kan ciwon daji. Inna ta ji daɗi, ta kai shi har gindin itatuwan, ta nuna mai yadda ake yanka. Ya ce to. To ɗin banza! Kwana uku zai yi, buhu huɗu yake so, sai ya ba masunta aikin. Su kuwa mi suka sani? Suka tuɓe itatuwan tas, kamar ana fiɗar akuya.

Kafin damina duk sun bushe. Inna ba ta zagi kowa ba. Ni na yi zagin, har na gaji.

Bara ƙullin ya fito mata a nonon hagu. A asibiti aka ce mun makara. Na shiga kwalekwale na bi gaɓa har Shanga ina neman iccen, ban samu ba. Matar da ta rage wa matan gari azaba ta koma cizon bakin zane, ina kallo.

Ran nan Magaji ya dawo baki har kunne. Wai ƙullin ɓerayen da suka ba maganin ya ragu, amma gwaji bai ƙare ba. Ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, buhu biyu kawai za a ƙara min."

Wallahi muciya na rarumo. Inna ta riƙe min zane.

"Zuliha, raka shi gaɓa," ta ce. "In kun tarar da ko tafin hannu ɗaya, ku fara kawo min. Ɓerayen su jira."