Sunan da Banki Ke Nema

Takalman Baba Direba suna bakin ƙofa, ɗaya a kan ɗaya, yadda aka cire masa su ranar da aka dawo da shi daga asibiti. Mai Kitso ta tsallake su ta shiga, waya a kunne, kiɗan jiran banki yana ta maimaita kansa.

Injin cire kuɗi ne ya haɗiye katin Iya, matar Baba, bayan ta yi ta danna lambar da ba ita ba. Iya dai ta ce injin ne ba shi da tarbiyya. Ga haya ta ƙarato, ga magani, kuma duk benen Mai Kitso ce, da ƙofarta ke kallon tasu, take jin yaren baƙuwar ƙasar da suke zaune sosai.

Kiɗan ya tsaya, wata mata ta yi magana. Mai Kitso ta saurara, ta juyo.

"Iya, ta ce sai kin faɗi kalmar sirri da bakinki, sannan su aiko da sabon kati."

"Wace kalma kuma? Ni ba ni da sirri da kowa."

Daga kan gado Baba ya yi wani tari mai kama da dariya. "Ni na zaɓa mata ranar da aka buɗe asusun. Sunana ne."

Tun da aka kawo Iya gidansa ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, ko da kuskure. Ta gyara ɗankwali, ta matso da bakinta kusa da wayar.

"Malam."

"Ta ce ba shi ba ne, Iya."

"Baban yara."

"Shi ma a'a."

"To, ce mata Shi. Ai mace ce, za ta gane."

Mai Kitso ta ciji leɓe. Ta so ta faɗa a madadinta, sai ta lura ita ma ba ta san sunan ba.

"Liman ya faɗa a ɗaurin aure," in ji Baba, yana numfashi da ƙyar. "'Yan sandan hanya sun faɗa. Likitan nan ya faɗa, ya karya masa wuya. Ke kaɗai kika rage."

"Ji tsoho da neman magana! Ko tashi ba ka iya yi, amma ka iya haɗa baki da banki."

"Gaɓa biyu ne fa."

"Ko rabi ne. Ina da kunyata, ba a jirgi na baro ta ba."

Matar banki ta yi godiya cikin ladabi, ta kashe. Baba ya yi ta dariya har sai da aka ba shi ruwa. Kafin ta fita, Mai Kitso ta nuna wa Iya inda za ta danna, ko da za ta sake shawara.

Baba bai kai ƙarshen makon ba, rai ya yi halinsa.

Da masu gaisuwa suka watse, Mai Kitso ta ɗauko kwanon abinci ta tsallako. Ƙofar a sakaye take. Ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa, sai ta ji kiɗan nan na jira, sannan muryar matar banki.

Iya na zaune a gefen gadon da aka naɗe bargunansa, wayar a kan matashin kai. Ta share maƙogwaro. Ta faɗi sunan a hankali, gaɓa biyu cif, kamar mai ɗanɗana gishirin miya. Matar ta ce wani abu da fara'a. Iya ta sake faɗa, ko da yake ba a tambaye ta ba.

"To, ka ji," ta ce wa matashin. "Hankalinka ya kwanta?"

Mai Kitso ta ajiye kwanon a ƙasa, ta sauke takalmin daga kan ɗan'uwansa, ta jera su, ta koma ɗakinta.