Ɗan Baffan Illa

Malam Shekara ya tsufa yana koya wa gardawansa na tsangayar Matameye abu biyu: kada su yi ƙarya, kuma su zama 'yan'uwa. Na farko ya zauna musu. Na biyu ya ƙi. Damagarawa murhunsu daban, Kanawa nasu daban, Barebari ma haka. Ƙiyayyar da ta fi zafi tana tsakanin Illa Badamagare ɗan Icirnawa da Rabi'u Bakano, har noman geron Malam ba a haɗa su kunya ɗaya.

Shekarar da faɗa ya tsananta tsakanin Damagaram da Kano, wasu mahayan Damagaram biyu suka tsaya bakin gonar Malam, suna kamen Kanawa a kan zargin leƙen asiri. Wanda aka tafi da shi ba a sake jin labarinsa. Babbansu ya nuna Rabi'u da bulala.

"Wannan fa? Bakinsa na kudu ne."

Malam ya sunkuyar da kai, domin bai iya ƙarya ba. Sai Illa ya jefar da fartanya.

"Ɗan baffana ne, ranka ya daɗe, a kudun aka lalata shi. Don Allah ku tafi da shi! Malalaci, ga ci kamar gara, ga munshari, ga girman kai babu ko izu goma a kansa!"

"Ka rantse?"

"Wallahi jininmu ne, abin kunyarmu."

Gardawa suka amsa baki ɗaya, har Barebari, cewa haka ne. Mahayin ya yi dariya ya ce wa abokinsa, "Bare ba ya samun irin wannan zagi. Sai ɗan gida." Suka juya dawakai.

Bayan la'asar Malam ya zauna da bulala a kan cinya. Yau ne kaɗai ya ga ɗalibansa sun zama abu guda, kuma a kan rantsuwar ƙarya. In ya doke su, ya doki abin da ya daɗe yana roƙon Allah. In ya yaba, me ya rage na karatun? Shi kansa da ya yi shiru, a wane sahu yake? Ya umurce su duka da azumi, ya sa kansa ciki.

Washegari da shan ruwa Rabi'u ya matso wa Illa da ƙwaryar kunu.

"Na gode, ɗan baffa."

Illa ya karɓa ya kurɓa, bai dube shi ba.

"Baffan ne kawai ƙarya," in ji shi. "Sauran ina nan a kai."