Yunwar Latas

Da gangan Auta ta hana latas ɗinta abinci. Latas ne da bai san ƙasa ba, a jere yake cikin fararen bututu a rumfar bayan gida, saiwarsa tsome cikin ruwa mai taki. Matsalar ita ce, idan ganyen ya ƙoshi da taki yakan tara wani sinadari, naitiret, wanda asibitin da take kai wa kaya ba ya so ya yi yawa a abincin marasa lafiya. Wancan karon da suka auna, mayar mata da kwandunanta suka yi. Mai yi wa asibitin cefane ta ce sau ɗaya kawai za ta sake zuwa. Shi ya sa girbi na matsowa Auta ta zubar da ruwan taki, ta cika tanki da ruwa zalla, don ganyen ya cinye abin da ya tara.

Baba bai ji daɗin wannan ba. Mutumin da ya tsufa da fartanya a hannu, ka ce masa yunwa magani ce ga shuka? Kullum sai ya tsaya kan ganyen da ya fara koɗewa yana girgiza kai.

"Auta, ki ji tsoron Allah. Abin nan rai gare shi."

"Baba, don Allah a bar min shi haka. Na san abin da nake yi."

Ranar awo ta shiga rumfar da hantsi, sai ta ja ta tsaya. Buhun takin da ta ɗaure ta jingina a kusurwa bakinsa a buɗe, ga ludayin awo jiƙe a kan murfin tanki. Tun yaushe? Ba ta gama tambayar kanta ba ta ji sallama.

Mai cefanen ba ta da dogon zance. Ta tsinki ganye daga kowane layi, ta matse ruwansa a kan 'yar na'urarta. Auta ta ƙura wa yatsun matar ido. Ana cikin haka Baba ya shigo, hannu a baya, fuska cike da fara'a.

"Hajiya, kin ga yadda ya farfaɗo ko? Da na biye wa yarinyar nan, da gawa za ki tarar. Kullum da asuba sai na ɗan zuba masa."

Matar ta dubi na'urar, ta dubi Auta, ta goge hannu. "Ki yi haƙuri," ta ce a hankali, ta fita.

Kuka ya taso wa Auta, ga haushi kamar ta fashe, amma wa za ta yi wa faɗa? Ga shi nan tsaye yana jiran yabo, hular tasa ma ta fita unguwa ce ya sanyo don baƙuwar.

"Ba ta ɗauki ko kwando ɗaya ba," in ji shi. "Mota za ta turo?"

"Baba," ta ce, "zo ka zauna tukuna."