Aron Ƙafa

Shekara talatin da ɗaya ina taka keken ɗinki a Jega Firchin, ban taɓa tsammanin wani zai zo aron ƙafata ba. An ari almakashina, an ari dutsen gugata har yau ba a dawo da shi ba, amma ƙafa sai Malam Reuben.

Malamin lissafi ne a wata sakandare a Maiyama, gidan da yake haya kuma bango ɗaya ya raba shi da shagona. Matarsa Mary ta rasu shekara huɗu da suka wuce, ta bar masa 'ya ɗaya, Sandra. Tun da aka sa ranar auren yarinyar, mutumin nan ya hana ni sakat da wani kuka da ke fitowa daga ɗakinsa kullum bayan la'asar. Da farko na ɗauka kyanwa ce ta maƙale a silin.

Ashe jita ce, amma ba irin wadda ake ratayawa a wuya ba. Kwance take a kan ƙafa huɗu kamar teburin kekena, tsirkiyarta goma, ga feda jere a ƙasa. Gadon yayansa ce da ya yi kiɗa a Ibadan. Hannun dama yana cakular tsirkiya, na hagu yana jan wani guntun ƙarfe mai santsi a kansu, ƙafar hagu tana taka feda. Waƙa ɗaya tak yake koyo daga bidiyo a waya, wata tsohuwar waƙar Turawa ta zamanin kaset, irin wadda suke kira rok. Ita ce waƙar da Mary ke sawa idan tana wanki. Ya yi wa Sandra alkawari ranar bikinta zai kaɗa mata ita da hannunsa, kuma wata goma ke nan yana fama.

Saura mako uku biki, akuya ta gitta masa a hanyar Maiyama, babur ya kwanta a kan ƙafarsa ta hagu. Ni na raka shi Aliero wurin Ɗantsoho mai ɗori. Tsohon ya shafa, ya ja, ya ɗaure da karare, sannan ya nuna shi da yatsa.

"Kwana arba'in ƙahwag ga ba ta taka komi. In ka taka, kak ka komo min nan."

Lokacin da ake jan ƙashi Malam Reuben ko tari bai yi ba. Wannan magana ce ta kashe masa jiki.

Kwana biyu babu kukan jitar, kuma abin haushi sai na ji shagon ya yi mini shiru. A na uku ya aiko Sandra ta kira ni.

"Tela Haliru, ƙafarka nake so ka ara mini."

"Malam, ko faɗuwar ta taɓa ma kai? Ni mi nis sani ga kiɗi? Ko gwangwani ban taɓa bugawa ba."

"Ba kiɗa za ka yi ba. Feda biyu ne kawai. In na gyaɗa kai ka taka, in na ɗaga ka saki."

Ni kuwa in aka zo maganar feda ba na son raini. Na cire takalmi, na ja kujera 'yar tsugunno gefen hagunsa, shi ya miƙe ƙafar ɗori a kan benci. Ya cakuli tsirkiya, ya gyaɗa kai. Ƙafata ta yi abin da ta sani: gaba, baya, gaba, baya, da gudu kamar jajibirin Sallah. Abin da ya fito daga lasifika jiniyar motar asibiti ce sak. Sandra da ke tankaɗe a tsakar gida sai da ta zubar da gari don dariya. Na suri takalmina na fita, na rantse ba zan koma ba.

Washegari na koma. Ya ce in taka sau ɗaya, a hankali, in tsaya. Ya cakula, ya janye hannunsa gaba ɗaya, na fara dannawa. Wallahi muryar jitar ta tashi daga inda take ta hau sama da kanta, babu mai taɓa tsirkiya, kamar mace ta ɗaga murya za ta kira wani daga nesa. Tsigar jikina ta tashi. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin abin, na ga sandunan ƙarfe da ke jan tsirkiya idan an taka. Na gane dabarar sarai, ai ni ma da ƙarfe nake kwana nake tashi. Amma ganewar ba ta rage mini mamaki ba ko kaɗan.

Akwai wuri ɗaya a tsakiyar waƙar da ya gagare ni. Murya za ta hau sannu sannu, ta tsaya a can sama, sannan ta sauko. Kullum ƙafata sai ta yi gaggawa. Malam ya ce in ƙirga huɗu, na ce ni ba ɗalibinsa ba ne. Haka muka yi ta yi kullum bayan la'asar, idona a kan kansa, masu ɗinki suna zuwa suna tarar da shago a rufe suna zagina.

Ranar biki, bayan sun dawo daga coci, aka kafa rumfa a ƙofar gida. Mutane suka ga dattawa biyu a tebur ɗaya, wannan ƙafarsa a kan benci cikin karare, wancan cikin babbar riga ya naɗe wando ba takalmi. Aka kwashe da dariya. Ban kula su ba, kansa nake kallo.

Muka fara. Ya gyaɗa na taka, ya ɗaga na saki. Dariya ta mutu. Da muka iso wurin nan mai wuya ya cakuli tsirkiya, sai ya yi kuskuren ɗaga ido. Sandra tana tsaye gaban rumfa kusa da angonta, ta ɗaura ɗankwalin uwarta. Hannun Malam ya tsaya. Kan da nake bi mako uku bai gyaɗa ba, hawaye ne kawai ke sauka. Muryar tana raye a lasifika amma ta fara dusashewa, in ta mutu kuwa waƙar ta karye a gaban jama'a.

Ban ƙirga komai ba. Na danna a hankali, yadda ban taɓa iyawa ba ko sau ɗaya a ɗakinsa. Muryar ta hau, ta hau, ta tsaya a sama. Masu rabon shinkafa suka tsaya da faranti a hannu. Ni kaina tsoro ya kama ni, don ban san irin wannan abu yana cikin ƙafata ba. Na sake ta sannu ta sauko, kuma daidai inda ta sauka hannun Malam ya farfaɗo ya karɓe ta. Muka kai waƙar ƙarshe.

Ana ta tafi Sandra ta zo ta durƙusa gabanmu da farar rigarta a ƙasa.

"Baba, wurin nan da ya hau," in ji ta, "daidai nan Mama take sakin wanki ta rufe ido. Yau sai da na gan ta."

Na buɗe baki in ce aikin babanta ne. Malam Reuben ya riga ni.

"Baba Haliru za ki yi wa godiya. Ni ban gyaɗa ba."

Na sunkuya ina neman takalmina. Yana gabana ƙiri-ƙiri, amma na daɗe ban gan shi ba.