Habiba ta Tafkin Marke

A shekarar ƙarin albashin Udoji, lokacin da gwamnati ke aiko wa ma'aikatanta kaya har da waɗanda ba su roƙa ba, Malam Maharazu duba-garin Yankara ya rubuta takarda yana neman famfon feshin maganin sauro. Bayan wata biyu sai ga mota ta sauke masa sabon babur da wani akwatin katako. Ya buɗe akwatin, babu famfo. Abin da ke ciki wani baƙin ƙarfe ne mai wuya kamar na zalɓe, da ɗan madubi a ƙasa, da 'yan gilasai, da ƙaramin littafin Turanci mai hotuna. Madubin likita ne, mai nuna abin da ido ba ya gani. Ya taɓa ganin irinsa sau ɗaya a makarantar tsafta, inda malaminsu ya hana kowa ko numfashi kusa da shi.

Maharazu ya haura arba'in, kuma aikinsa leƙa randunan mutane da salgarsu, saboda haka ba a cika yi masa maraba da fara'a ba. Ya kifa turmi a tsakar gida, ya ɗora madubin inda rana za ta same shi, ya fara da abin da ke kusa: gashin gemunsa, ƙafar ƙuda, gishirin matarsa Suwaibatu. Da waɗannan suka ƙare sai ya ɗauki kwalba ya nufi Tafkin Marke a bayan gari. Kaka ce, ruwa ya fara ja baya. Ya naɗe wando, ya kankaro dauɗar da ke ƙarƙashin ganyen bado, ya dawo gida ya ɗiga ɗigo ɗaya a gilashi.

Da farko wasu 'yan halittu ne ke ta gilmawa a guje kamar 'yan kasuwa sun ga hadari. Can gefe kuma akwai wani abu kamar ɗigon koko a kan tabarma. Ya ɗauka datti ne, sai dattin ya miƙo ƙafa. Ba wai yana da ƙafar ba ne tun asali. Gefensa ne ya kumbura ya zama ƙafa, sauran jikin ya kwarara ya bi ta, ƙafar ta koma ciki, wata ta ɓullo ta wani gefen. Maharazu ya yi salati, ya ƙara duƙawa.

"Malam, tun hantsi kake duƙe, furarka har ta yi tsami," in ji Suwaibatu.

"Zo ki ga ikon Allah."

Ta goge hannu a zane ta leƙa, ta daɗe. "Ina kanta?"

"Ba ta da shi."

"To ina ne gabanta?"

"Duk inda ta nuhwa."

"Ashe irin ƙanenka Salihu ce. Mi ne sunanta?"

Ya buɗe littafin, ya sami hoton da ya yi kama da ita, ya karanta a hankali: "Amiba."

"Habiba? Allah shi raya."

Da la'asar Suwaibatu ta je rijiya. Kafin ranar kasuwa babu wanda bai ji ba, daga Yankara har Faskari, cewa duba-gari ya kamo wata dabba a Tafkin Marke, sunanta Habiba, kuma goma irinta za su kwana a kan tsinin allura ba tare da sun taɓa juna ba. Ranar kasuwar kuwa layi ya miƙe daga ƙofar gidansa har rumfar mahauta. Wasu suka rufe idon da ya kamata su buɗe, suka ce sun gani. Wasu gashin idonsu suka gani, suka ce lallai tana da ƙafafu da yawa. Wata tsohuwa ta leƙa ta ce ai ta san ta. Maharazu yana ta juya ɗan madubin yana bin rana, ransa fes, don tunda ya kama aiki ba a taɓa yi masa sallama da yawa haka ba.

Cikin masu layin akwai mutum biyu da suka shekara ashirin ba sa ga maciji a kan wannan tafki. Ɗaya Baba Gide, makiyayi, wanda shanunsa ke sha a nan tun zamanin kakansa. Ɗayan Malam Zailani, mai lambun albasa da tumatir a bakin ruwan. Baba Gide ne ya fara leƙawa, aka yi sa'a daidai lokacin Habiba ta miƙa hannu biyu ta rungume wata 'yar ƙwaya, ta rufe ta a cikinta.

"Kiwo take!" in ji shi. "Abin da ke kiwo dabba ne, kuma duk dabbar da ke shan tafkin nan tawa ce."

Malam Zailani ya ture shi ya leƙa. "Ina ƙaho? Ina kofato? Yaɗo take kamar duma. Malam Maharazu, tsakaninka da Allah, ina ka ɗebo ta?"

"Ƙarƙashin bado, kusa da shingenka."

"Kun ji ko? Amfanin gonata ne."

Kafin azahar magana ta kai gaban Dagaci, Alhaji Audi. Ya sa aka kawo madubin zuwa ƙofar zaure, ya cire tabarau ya leƙa, ya mayar ya leƙa. Sannan ya ce shari'ar tana da nauyi, a dawo bayan kwana bakwai. Ya dubi Maharazu.

"Kai za ka riƙe ta amana. In ta rame, kai ne. In ta ɓata, kai ne."

Maharazu ya koma gida, ya ajiye gilashin a kan turmi, ya tafi masallaci. Da ya dawo, rana ta shanye ɗigon. Babu abin da ya rage sai ɗan farin tabo. Ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Da ƙyar ya tashi ya koma ga kwalbar, ya yi ta ɗiga yana leƙawa, har a ɗigo na goma sha ɗaya ya sami wata.

"Ba ita ba ce," ya ce da Suwaibatu. "Na ci amana tun ranar hwarko."

"Wa ya san fuskarta, Malam? Ita kanta in ta waiwaya ba za ta gane kanta ba."

Duk da haka abin bai bar shi ba. Ya sami wani gilashi mai ɗan rami a cikin akwatin, ya sa sabuwar a ciki, ya kifa tasa a kai, ya lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma a gindin randa. Littafin ya ce a sa mata ƙwayar shinkafa don ƙananan halittun da take ci su yaɗu, ya farfasa ƙwaya guda ya sa mata ɗan ɓarɓashi. Duk bayan sa'a guda sai ya ƙara mata ruwa da abin ɗiga maganin ido. Ya daina zagayen salga, abin da ya sa mutanen gari suka ƙara ƙaunar Habiba. Baba Gide yakan zo da safe ya tambayi yadda ta tashi, Malam Zailani yakan zo da yamma ya tambayi ko an bar wani ya matsa kusa da ita. Cikin kwana bakwai Habiba ta yi ɓul-ɓul, Maharazu ne ya rame.

Ranar shari'a aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar zaure da hantsi. Liman Malam Sanusi ya zauna a dama da Dagaci. Maharazu ya daidaita madubin, ya leƙa. Habiba ta janye duk ƙafafunta ta dunƙule wuri ɗaya, ko motsi babu. Dagaci ya karɓa ya leƙa.

"Wannan ai ba ta da lahiya. Mi ka ba ta?"

"Shinkahwa, ranka shi daɗe."

"Shinkahwa!" in ji Baba Gide. "Dabbar daji ka ba shinkahwa?"

Dagaci ya ɗaga hannu, idonsa na kan madubin. "Ku yi shiru. Tana miƙewa. Ƙugunta na tsukewa. Innalillahi, za ta tsinke!" Ya ƙara duƙawa. Aka daɗe a haka, wuyan Dagaci har ya ƙage. Can sai ya ɗago, gumi a goshinsa. "Ta zama biyu. Kuma kowace na tahiyarta."

Jama'a suka ɗauki kabbara. Liman ya matso ya leƙa, ya juyo ga Maharazu.

"Wace ce uwar?"

"Babu uwa, Malam. Haka suke yi, littahin ya hwaɗi."

"To ina ta hwarkon?"

"Ita ce duka biyun."

"Ta mutu ke nan?"

"A'a."

"Tana nan?"

"Awo. Wato, a'a."

Liman ya shafa gemu. Ya ce in babu gawa babu gado, in babu uwa babu suna, kuma shi bai taɓa cin karo da wannan babi ba, sai ya je Ƙanƙara ya tambayi malaminsa. Dagaci kuwa ya ga hanya ta buɗe. Ya ce Allah da kansa ya raba gardama: ta dama ta Baba Gide ce, ta hagu ta Malam Zailani.

Da Maharazu ya yi shiru da an tashi lafiya. Amma mutum ne da gaskiya ke yi wa ƙaiƙayi a baki.

"Ranka shi daɗe, madubin nan juya abu shike. Abin da ka gani dama, hagu ne."

Nan take wuri ya kaure. Baba Gide ya ce shi wadda Dagaci ya gani a dama aka ba shi, Malam Zailani ya ce shari'a da damar Allah take aiki, ba damar ƙarfe ba. Kowannensu ya tabbata ɗaya ta fi ɗaya ƙiba. Kafin a lafa a sake leƙawa, Habibobin biyu sun rarrafa, ɗaya ta koma sama ɗaya ƙasa. Baba Gide ya zaro wuƙa ya ce a bari ya tsaga kunnen tasa kamar yadda yake yi wa maruƙa, aka tuna masa ba ta da kunne. A ƙarshe Maharazu ya duƙa da abin ɗiga maganin ido, yana zuƙa yana kuskurewa, har aka kira azahar, kafin ya raba su kwalba biyu. Baba Gide da Malam Zailani kowa ya ɗauki tasa ya tafi.

Malam Zailani ya juye tasa a kwarin da yake ba albasa ruwa. Baba Gide kuwa da rani ya yi, ya kora shanunsa kudu wajen Damari da Sabuwa, kwalbar na rataye a wuyansa. Duk mashayar da ya sauka sai ya tsiyaya kaɗan a ciki don Habibarsa ta sami kiwo, ya cika kwalbar da sabon ruwa.

Da ruwan farko ya sauka sai ga shi a ƙofar Maharazu da kwalabe tara cikin buhu, kowace daga tafki dabam. Maharazu ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya kwashe yini biyu. Babu wadda bai sami Habiba a cikinta ba.

"Alhamdu lillahi, garke ya yi albarka," in ji Baba Gide. "Duk tafkin da dabbata ke ciki kuwa, ka san mashayata ce."

"Baba, ai tun da Allah ya yi tafkunan nan suke ciki."

"Ka taɓa ganinsu can kahin in kai tawa?"

"A'a."

"To."

Malam Zailani da ya ji, ya ce ruwan lambunsa rafi yake faɗawa, rafin kuma Allah kaɗai ya san inda ya tsaya, saboda haka nasa 'ya'yan ma sun bazu, ƙila har Ketare. Aka sake komawa gaban Dagaci. Alhaji Audi ya saurari kowa, sannan ya umarci Maharazu ya bi kowane tafki da kududdufi da fadama, daga Ketare har Damari, ya gano waɗanne ne na Gide, waɗanne ne na Zailani.

"Ranka shi daɗe, ba a iya bambance su."

"Shi ya sa aka ba ka babur."

Haka Maharazu ya ɗaure akwatin a bayan babur, Suwaibatu ta cusa masa ƙuli-ƙuli a aljihu, ya shiga duniya. Damina ta same shi a hanya, kaka ta same shi a hanya. Duk bakin ruwan da ya isa sai ya nemi dutse mai faɗi, ya kafa madubinsa, ya zana abin da ya gani a littafin makaranta. Ya ga manya masu tafiyar ƙasaita, ya ga ƙanana masu ƙafa ɗaya tal, ya ga wasu masu hula kamar faifai. Duk ƙarshen wata yakan je ya durƙusa gaban Dagaci ya ce bincike na ci gaba, Dagaci ya ce madalla. Baba Gide da Malam Zailani, da yake babu mai son ɗan'uwansa ya riga shi jin labari, sukan zauna tabarma ɗaya su jira shi.

A shekara ta biyu, a wata fadama bayan Ketare, ya ci karo da wata irin da ba ya tsammani. Wannan ta tattara ƙwayoyin yashi, ta jera su ɗaya kan ɗaya, ta gina wa kanta ɗaki kamar ƙaramin rumbu, har da ƙofa, tana zuro ƙafa ta ƙofar tana jan ɗakin. Gini ne mai kyau, babu ko tsaga. Maharazu ya kalle ta har rana ta bar madubin. Sannan ya tuna Ketare na da Sarkin Magina, Malam Mani, wanda aka ce ya taɓa kai ƙarar gara gaban alƙali. Ya waiga gabas da yamma, babu kowa sai balbela. Ya sauke gilashin cikin ruwa a hankali, ya wanke shi, ya rubuta a littafinsa cewa wannan fadama babu komai a cikinta.